Furen da Ya Ci Gonar Baba

Har yau idan na ga mutum ya tsaya gaban fure yana cewa "kai, ikon Allah," sai in kau da kai in wuce. Ikon Allah ne, ban musa ba. Amma ni fure ya taɓa cin gonar ubana ina tsaye ina kallo, don haka a bar ni da halina.

Lokacin ina aiki a wani kamfanin safiyo, masu auna filaye, a Minna. Aikina kwafar taswira: a shimfiɗa mini zane, in ɗora takarda shara-shara a kai, in yi ta bin layi da siririn alƙalami har wuyana ya ƙage. A Limawa nake zaune, gidan kawuna, inda aka kawo ni tun ina ƙarama saboda makaranta. Innata 'yar unguwar ce, jikar ma'aikatan jirgin ƙasa, Bahaushiya mai kaifin baki. Babana kuwa mutumin Garatu ne, Gbagyi, manomin doya tun kaka da kakanni. Ni ce 'yarsu ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba. "Uwata" yake ce mini.

Wanda bai tashi cikin manoman doya ba, da wuya ya gane matsayin iri. Dawa ko masara, 'yar tiya ta isa a shuka fili mai faɗi. Doya kuwa da doya ake shuka ta. Abin da za ka binne a ƙasa shi ne dai abin da za ka iya ferewa ka sa a tukunya. Saboda haka kowane magidanci yana ware ƙananan doya masu lafiya a gefen rumbu, ba mai taɓa su ko da yunwa za ta kashe gida. A garinmu ana yafe wa mutum abubuwa da yawa. Mashayi yana da abokai, mafaɗaci ana zuwa sunan 'ya'yansa. Amma a ce wane ya cinye irinsa, to shi ke nan. Ba a ƙara neman shawararsa, kuma in ya je nema wa ɗansa aure sai a yi ta yi masa hanya-hanya. Irin Baba daga hannun kakansa ya gangaro, kuma yana ji da shi fiye da yadda yake ji da mu, wannan Inna ta sha faɗa masa a gaban idonsa.

Sai fari ya zo, farkon shekarun tamanin, damina biyu a jere. Mu nan ba mu saba da shi ba, labarinsa muke ji a bakin mutanen arewa da ke sauka a tasha. Ruwa ya sauko, a yi shuka, ya ɗauke. Hadari ya haɗu har mata su fito da bokitai, iska ta zo ta watsa shi. Kogin Chanchaga ya janye, duwatsun da ban taɓa sanin suna ciki ba suka fito fili. Doyar da aka tona a shekara ta biyu abin tausayi ce.

Duk ƙarshen wata nakan shiga motar hanyar Bida da ɗan gari da shinkafa in kai gida, don akwai ƙannena ƙanana. Inna ta karɓa ta sa mini albarka. Baba kuwa sai ya ɗaure fuska.

"Uwata, mu da muke noma za ki ɗebo wa abinci daga birni? Mutane su ce me?"

Kuma bai taɓa barina na koma hannu rabbana ba. Sai ya shiga bayan gida ya fito da 'yan doya a ɗaure, ya sa yaro ya raka ni bakin titi da su a ka, yadda duk mai ido zai gani. Ƙanana ne ƙwarai. Matar kawuna ta kwance ɗaurin ta ce, "Doyar babanki kuwa lafiya? Ko ita ma azumi take?" Muka yi dariya, muka dafa, muka ci da manja.

Da bazarar shekara ta uku na bi shi gona. Gonar tana da 'yar tafiya, sai an tsallake rafi, a daidai inda rafin ya yi gwiwa kusa da wani baƙin dutse. Na tarar ya tayar da tulin ƙasa layi-layi har ƙarshen fili, kowane tuli da hularsa. Hula ita ce busasshiyar ciyawar da ake ɗora wa tuli a ka bayan an binne doya, a danne da ɗan hoge, don kada rana ta dafa irin kafin ruwa ya sauka. Duk manomin da ya hango hula ya san an gama shuka. Na ce, "Baba, kai kaɗai ka yi wannan?" Ya ce, "Da wa zan yi?" Wallahi har ƙwalla na yi don alfahari.

Ruwa kuma ya dawo a shekarar, kamar da bakin ƙwarya. Ko'ina ya yi kore shar. Duk zuwan da na yi na tambayi gona, sai Baba ya ce rafi ya cika, ba a tsallakewa da zane. Ni kuma wuni kawai nake yi in juya, ban matsa ba.

Bayan an ɗauke ruwa aka kawo wani hoto ofishinmu. Wani babban mutum ne da ya ajiye aiki yake son kafa gonar zamani a hanyar Bida, aka ce za a ba shi filin da ba a nomawa, aka ɗauki kamfaninmu ya nemo filin ya shata. Ogana mutumin kirki ne, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya yi karatu a waje, yana son aikinsa kamar me. Shi ya sa aka aiko da hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama a ƙarshen damina. Ranar da ya iso ya tara mu duka, har masinja, ya shimfiɗa shi a babban tebur ya danne gefe-gefe da kofunan shayi.

Ni na zaci zan ga kore. Ja na gani. Ƙasarmu duka ja wur, rafuka baƙaƙe sirara, Minna wani tabo toka-toka a gefe. Oga ya ce haka na'urar take, duk abin da ke da ɗanyen ganye ja take fito da shi. Ya ce da mun ga hoton bara da mun yi kuka, don duk fari ne fat. Sai ya ɗora yatsa a wani ɗan wuri da bai fi farce ba. Wurin ya fita daban, haske gare shi, kamar an ɗiga madara a cikin zoɓo.

"Kun san mene ne wannan? Fure ne! Fure ya rufe wurin har ya danne ganye. Ƙwayar ciyawa tana iya kwanciya a ƙasa duk tsawon fari tana jira, ruwa na sauka ta tashi gaba ɗaya. Daji ne ya farfaɗo. Ku duba ikon Allah, fure har a sararin sama!"

Kowa ya yi ta kai, kai, kai. Ni ma na leƙa. Oga ya ɗauki jan fensir ya kewaye wurin, ya ce ga ruwa kusa, ga titi ba nisa, ga shi ba shuka, daga nan za a fara aune. A lokacin idona ya sauka a kan baƙin zaren da ke gefen hasken. Zaren ya yi gwiwa. Rafin gonarmu ne.

"Oga, wannan gonar babana ce."

"Gona? Me ya shuka?"

"Doya. Da idona na ga tulin."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Malama, doya ba ta fitowa da wannan launi. Amma hoto hoto ne, shi ya sa muke zuwa mu taka da ƙafa. Za mu je da mai gari da dattawa. Idan mai wurin ya ce gonarsa ce, ya noma ta bana, zan cire ta daga zanen. Ba na cin zalin kowa. Ki je ki duba."

Ran Asabar na sauka a mota ban ko shiga gida ba, na yanki hanyar rafi. Rafin da aka ce ba ya tsallakuwa, ko idon sawuna bai rufe ba.

Ni ban ga furen a cikar kyansa ba, na'ura ce ta gani. Lokacin da na iso ya fara bushewa, amma akwai saura. Wata ciyawa ce mai furen rawaya, muna da sunanta da yaren Baba, ban san shi da Hausa ba. Ta kai mini ƙirji. Ta cika gonar daga kusurwa zuwa kusurwa, ta tsaya cak a iyakar Baffa, ɗan'uwan Baba, inda ganyen doya ya hau sanduna. A tamu ko sanda ɗaya babu. Na kutsa ciki, ƙwayoyin na maƙale mini a zane, na durƙusa gaban tuli na farko na sa hannu na tona. Ƙasa. Na tona na kusa da shi. Ƙasa. Na yi ta tonawa kamar mahaukaciya har farcena ya karye, ina neman ko ruɓaɓɓen ɓawo ne in ce iri ne ya lalace. Ba a taɓa binne komai a cikinsu ba.

Hulunan suna nan, sun ruɓe. Kuma daga kan kowane tuli, daga cikin hular, nan furen ya fi tasowa da ƙarfi. Ashe ciyawar da ya yanko a bakin rafi ya yi hula da ita cike take da ƙwaya. Da hannunsa ya bi tuli ɗaya-ɗaya ya shuka abin, a ƙasar da ya sha wahalar juyawa. Wane daji ne ya farfaɗo? Gumin tsoho ne ya yi fure.

Na sami Inna a madafi. Ta dubi zanena, ta ga ƙwayoyin, ta ajiye muciya.

"Kin je ke nan."

"Inna, ina irin?"

"Ni na dafa shi." Ko muryarta ba ta girgiza ba. "A shekara ta biyu. Ƙannenki suna kuka, dawa ta ƙare. Shi yake fito mini da su a ƙarƙashin ciyawa, in fere a cikin ɗaki, in ba akuya ɓawon kafin kowa ya shigo. Na ce ya je wurin 'yan'uwansa, ya ce in na ƙara faɗa a bakin aurena. Na ce ya shuka dawa a kan tulin, ya ce duk wanda ya ga dawa a tulin doya ya gama karanta labarin. Kin san babanki. Dutsen bakin rafi ya fi shi jin magana."

"To doyar da yake ɗaure mini fa?"

Ta ɗauki muciyarta. Sai na tuna dariyar da muka yi a Limawa, da manjan. Ina da albashi fa. Kalma ɗaya zai faɗa mini in shiga kasuwa. Maimakon haka ya ɗaure mini irin kakansa a ka, don 'yan bakin titi su ga gidansa na kyautar doya.

Yana ƙarƙashin mangwaro yana gyara ƙotar garma. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai: hoton, da jan fensir, da abin da Oga ya ce. Da yarensa muka yi maganar, don da shi yake yi mini magana idan abu na cikin gida ne.

"Baba, ba wani abu mai yawa ba ne. Ka ce gonarka ce, ka tayar da tuli bana. Shi ke nan."

"In na ce na tayar da tuli, tambaya ta biyu ita ce ina doyar."

"Sai ka ce babu iri. Fari aka yi, Baba! Kowa ya san an yi fari!"

"Farin bai shiga gidan Baffanki ba ne? Shi ya ci nasa?"

"To ka ce ruɓewa ya yi."

Ya yi wani ɗan murmushi. "A gaban manoma? Tuli ɗaya za su shura su gane."

"Za a karɓe gonar."

"Uwata, ƙasa akuya ce da za a sa mata igiya a ja? A nan kakana ya bar ta. Su zo su yi kallon furensu su koma."

Na yi magiya, na yi kuka, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa, ko gezau. Da zan tafi ya ce in tsaya a ɗaure mini wani abu, sai kuma ya tuna, ya fasa.

Ranar da aka sa, muka zo a motar ofis. Wakilin babban mutumin ya biyo mu a tasa, da takalmi mai sheƙi. Mai gari ya fito da dattawa, Baffa na cikinsu, aka tsaya a bakin gonar, rana na dukan kowa. Baba ya zo cikin babbar rigarsa ta Juma'a. Oga ya gaishe shi da ladabi, ya tambaya da Hausa a fili yadda kowa zai ji.

"Baba, an ce wurin nan naka ne. Ka noma shi bana?"

Na zuba masa ido. Dattawan nan kuwa kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Ban noma ba," in ji Baba. "Tun kafin fari na bar shi. Ina da inda nake noma, wannan ba ni da bukatarsa yanzu."

Inda yake noma! 'Yar gonar bayan gida ce, ta masara da kuɓewa, wadda kaza ke ratsawa a guje.

Oga ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa ban san lokacin da na faɗa cikin ciyawar ba. Na finciko ta na buɗe tuli, na ce, "Ku duba! Wannan tulin bana ne! Ga hularsa! Baffa, kai da kake iyaka da shi, ka faɗa musu mana!" Mace, 'yar cikinsa, a gaban mai gari. Na san abin da nake yi, ban damu ba.

Baffa bai ɗago ba. Baba ne ya yi magana, kuma da Hausa ya yi ta, ba da yarensa ba, ya juya wajen baƙin.

"Ku yi haƙuri da yarinyar nan. A birni ta tashi, ba ta san gona ba. Tsofaffin tuli ne."

Yarinyar nan. Tun da aka haife ni ban taɓa jin haka a bakinsa ba.

Oga ya sake tambaya, Allah ya saka masa. Ya ce, "Baba, ka tabbata? Abin da ka faɗa shi za a bi." Baba ya ce shi ba ya magana biyu. Aka tambayi dattawa, suka ce mai wuri ya riga ya faɗa. Wakilin ya tsinki fure ɗaya da ya rage, ya juya shi a yatsa ya ce zai kai wa 'yarsa.

Kafin wata bazarar an kafa duwatsun iyaka, katafila ta shiga ta baje tulin. Diyya sai abin da ke tsaye a gona, an biya waɗanda aka taɓa musu doya da dawa. Fure ba shi da diyya. Da Baba ya ga katafilar ne ya yarda ana jan ƙasa. Ya saka rigar Juma'ar ya je wurin mai gari, aka tuna masa maganarsa, ya dawo.

Na tare Baffa a hanyar kasuwa, ban ko gaishe shi da kyau ba. Na ce, "Baffa, tsakaninka da Allah, ba ka san tulin na bana ba ne?"

Ya sauke kayansa. "'Yata, wa bai sani ba? Ina gonata ina kallonsa yana sa hula, bai zo da kwando ko ɗaya ba. Garin nan kaf an sani. Tun a shekara ta biyu aka sani, akuyarku ce kaɗai take ƙiba."

"Kun sani?"

"Mun ware masa iri. Ni na ware, gidaje da yawa sun ware. Muna jira ya buɗe baki."

"To me ya hana ku kai masa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ba a tafiya da ka. Ya ce iri ba a kai wa magidanci sai ya tambaya. In ka ɗauka ka kai masa, ka gaya masa a fuska ke nan cewa ka san abin da ya yi. Ya ce a ranar ma, da ya buɗe baki ya ce tulin na bana ne, da ya tuɓe yayansa a gaban baƙi. "Asiri muka rufa masa."

"Wane asiri? Asirin da har akuya ta sani? Kun rufa masa asiri an kwashe gona, Baffa! Allah wadan wannan rufin asiri!"

Ya ɗauki kayansa ya wuce.

Shekaru na yi ina raba fushina, ban san wa zan ba kaso mafi girma ba. Oga ya yi tambaya har sau biyu. Na'urar abin da ta gani ta nuna. Babban mutumin bai ma san akwai wani tsoho a duniya ba. Sai a bar ni da mutanena, gari guda na dattawa masu hankali, kowa ya san gaskiya, kowa yana gadin ƙaryar da ba ta ruɗi kowa ba. Hoton kuwa aka sa masa gilashi aka rataye a ɗakin baƙi na ofis, da jan da'irar a jiki. Duk wanda ya shigo sai Oga ya nuna masa inda daji ya yi fure bayan fari, in ya hango ni sai ya rage murya. A ƙarƙashinsa nake wucewa safe da yamma har na bar aikin. Gonar zamanin ba ta yi nisa ba. Taraktoci suka yi tsatsa, wayar shinge ta zube, kuma duk ƙarshen damina furen nan yana cika wurin, an gaya mini. Ban je na gani ba.

Amma ba wannan ne yake hana ni sakat ba. Wata ranar Asabar ce, a bazarar da ta biyo bayan katafila, ina gida. Da hantsi sai ga Baffa da matan gidansa ɗauke da kwanduna. Maganata ce ta cije shi, ko kuwa zuciyarsa ce ta gaji, oho. Ya karya al'ada. Suka sauke a ƙofar gida, a fili, iri ne zaɓaɓɓe, duk ya fara tsiro. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ga wannan. Gonata ta gabas kuma ta yi mini yawa, ka ɗauki rabi."

Inna ta fito bakin zaure ta kama bakinta. Ni kuwa zuciyata har tsalle take, na ce Allah ya kawo ƙarshen abin.

Baba ya daɗe yana kallon kwandunan. Ya rame sosai a 'yan watannin. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya shafa tsiron da babban yatsa.

"Iri mai kyau," ya ce. "An gode. Allah ya yi albarka." Sai ya waiwaya wajen Inna. "A ɗora tukunya. Babbar."

"Malam!"

"Na ce a ɗora tukunya. A nan waje."

Baffa ya fara magana, Baba ya ɗaga masa hannu. Ba faɗa, ba tsawa. Ya ce shi ba zai yi noman aro ba a garin da kakansa ya sare daji. Sai ya miƙo mini wanda ke hannunsa, ya ce, "Uwata, fere."

Tun ranar gona bai ƙara kirana da sunan ba sai ranar nan. Na karɓa. Na zauna a ƙofar gida ina karye tsiron ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan wuƙa. Inna ta hura wuta tana zage-zage ƙasa-ƙasa, ban san wa take zagi ba. Baffa ya zauna a dakali ya rufe fuska da hularsa.

Da ta dahu aka juye a babban faranti, aka zuba manja. Baba ya sa aka shimfiɗa masa tabarma tana fuskantar hanya, ya wanke hannu, ya ja farantin gabansa. Lokacin dawowa daga gona ne, mutane na wucewa da garemani a kafaɗa. Wani dattijo, cikin waɗanda suka tsaya a bakin gonar ranar nan, ya yi sallama zai wuce. Baba ya ɗaga murya yadda har ƙarshen layi za a ji.

"Bismillah! Zo mu ci. Irin doya ne. Nawa na cinye shi tun fari, wannan na ƙanena ne."

Maganar da na durƙusa ina roƙonsa ya faɗa ke nan. Ya faɗe ta ga duk wanda ya wuce, ɗaya bayan ɗaya, har farantin ya ƙare. Ba wanda ya zauna.